Sanarwa kan musayar tsofaffin waƙoƙi

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Don Allah a daina kara waya a bakin rediyo ana turo mana waƙa. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos siririn sauti gare shi, hayaniyar ɗaki kaɗai sai ta haɗiye shi. A kwafo daga kaset zuwa kwamfuta, a turo fayil ɗin, a faɗi asalinsa: faifan garmaho ne ko naɗin biki.

Naɗin bikin nan muka fi nema, musamman na Mamman Shata da ya rasu a 1999. Da yawa ba su taɓa shiga kasuwa ba, suna akwatunan iyayenmu, danshin daminar Jos yana cin su. A taimaka a duba.

Wanda ya sayar da abin da aka ba shi kyauta a nan, za mu cire shi.