A ba mu aron filayen hukuma mu yi lambu a Garwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni dama a jaridarka mai farin jini domin in isar da kira ga magadan gari na ƙananan hukumomi uku na birnin Garwa da ke Kamaru, game da filayen hukuma da ke zaune a cikin unguwanni babu abin da ake yi da su. An ware wasunsu tun shekarun baya domin kasuwa ko makaranta, ginin bai samu ba, yau sun zama juji, da rani iska tana yawo da leda, da damina kuma ruwa ya kwanta sauro ya samu gida.

Garin da kogin Binuwai ya ratsa bai kamata ganyen miya ya gagari talaka a cikinsa ba, balle tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982 kogin ba ya yankewa da rani. Amma duk uwargidan da ke zuwa cefane a watannin Maris da Afirilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ta san yadda kashin alayyahu da tumatir ke ƙanƙancewa alhali kuɗinsa yana nan. Fadamun bakin kogi suna da masu su, kuma matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu ba za ta iya takawa can safe da yamma domin ban ruwa ba. Fili a bakin ƙofarta shi ne zai amfane ta.

Abin da ya sa nake dagewa a kan hukuma shi ne mun taɓa gwadawa mun ji jiki. Wata shekara mu da maƙwabta muka nemi iznin mai unguwa da baki, muka kwashe shara a wani fili da amalanke, muka kewaye shi da ƙaya, muka zuba takin shanu, muka shuka yakuwa, kuɓewa, lalo da zogale. A shekara ta biyu, ƙasa ta yi laushi zogale ya kai tsawon mutum, sai wani ya zo da takarda da motar bulo, cikin kwana biyu aka share komai. Ban ga laifin mai unguwa ba, domin tun dokokin mallakar filaye na 1974 maganar baki ba ta tsayawa gaban takarda, mu ne ba mu sani ba.

Saboda haka ba kyauta muke nema ba, aro muke nema, amma a rubuce, da amincewar majalisar ƙaramar hukuma, na aƙalla shekara 5, bisa sharaɗin ba gini, ba sayarwa, ba gado. Wanda bai san ko zai kai baɗi a fili ba, ba zai dasa lemo ko gwaiba ba, kuma ba zai kashe kuɗinsa a kan rijiya ba. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 ta ba su hurumin bunƙasa noma da kula da muhalli, don haka wannan yana cikin aikinsu.

Ruwa shi ne babbar magana, domin kuɗin famfo kaɗai zai cinye ribar lambun. Idan hukuma ta haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, sauran aikin namu ne: danga saboda awaki, adashi domin sayen iri, da rabon fangali gida gida a gaban mai unguwa da limami, a fara da zawarawa da samari marasa sana'a. Ya kamata kuma malaman gona su duba ƙasar kafin a shuka, tun da tsohon juji ba ya rasa ruɓaɓɓen batir da baƙin mai, kuma abin da za a shuka baki za shi.

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin latas, karas da albasa. In har ana so a ci moriyarsa, sai a sa hannu a takardun kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba, domin a samu sararin kwashe shara da yin danga.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Garwa, Kamaru.