Wasiƙa zuwa ga aminina a kan wandon jins da cin abincin dare a jirgin ruwa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa tafiyar jirgin ruwan nan da kuka daɗe kuna shiri ta tabbata. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Ka tambaya ko za a bar ka ka shiga ɗakin cin abincin dare da wandon jins, tunda shi ka fi sakewa a ciki. Za a bar ka a yawancin darare, a yawancin jirage. Sai dai ba ka faɗa mini kamfanin da kuka biya ba, alhali maganar duk a kansa ta rataya. Kowane kamfani da dokarsa, kuma ko a jirgi ɗaya abin da aka yarda da shi daren Litinin ana iya hana shi daren Talata.

Ka fara sanin cewa wuraren cin abinci a jirgin iri uku ne. Akwai babban ɗakin abinci, inda ake zaunar da ku a kawo muku abinci kashi-kashi, galibi a zama biyu, ɗaya wajen ƙarfe shida, ɗaya wajen takwas da rabi. Akwai ɗakin da mutum ke ɗibar abinci da kansa, wanda yawanci yake can sama kusa da wurin ninƙaya. Sai kuma ƙananan gidajen abinci na musamman da ake biyan ƙarin kuɗi. Dokar sutura ta fi shafar na farko da na uku. A ɗakin ɗiba da kai babu mai kallon wandonka, in dai ba ka zo da kayan wanka jiƙe ko ƙafa ba takalmi ba. Kuma da rana ba a maganar wannan doka. Daga ƙarfe shida na yamma take fara aiki.

Darare ma iri biyu ne, na yau da kullum da na ado. A tafiyar kwana bakwai galibi daren ado biyu ne, a gajeriyar tafiya ta kwana uku zuwa biyar ɗaya ne. An fi sa shi ranar da jirgi ya yini a teku bai tsaya a wata tasha ba, don mutane su samu lokacin shiri, kuma sau da yawa na farkon yakan faɗo dare na biyu.

In kamfanin Carnival ne, dokarsu a rubuce take ba lauje cikin naɗi. A daren yau da kullum da suke kira Cruise Casual an yarda da jins, ban da wanda aka datse ƙafarsa. A daren adonsu na Cruise Elegant kuwa jins yana cikin abin da aka hana a babban ɗaki, tare da gajeren wando, da singileti, da silifas, da hular hana-sallah. Royal Caribbean ma sun ambaci jins cikin kayan daren yau da kullum, amma daren adonsu kwat suke so, ko aƙalla wandon yadi da riga mai kyau. Norwegian su ne suka fi sassauci. Tun shekarar 2000 suka fito da tsarin da suke kira Freestyle, babu ƙayyadadden lokacin cin abinci, babu daren adon dole. Jins da riga mai kwala da takalmi sau-ciki sun ishe ka ko'ina a jiragensu, amma su ma sun hana wanda ya koɗe ƙwarai, ko mai huji, ko wanda aka saki ƙasa da ƙugu irin na samarin zamani. Celebrity sun soke daren kwat a 2015 suka maye gurbinsa da wanda suke kira Evening Chic, kuma a nan ko daren ado an yarda da jins mai kyau in an haɗa shi da rigar da ta dace. Princess sun hana mai huji ko mai zare-zare a baki, sun bar lafiyayye a daren yau da kullum.

Inda za ka yi hattara shi ne jiragen Ingila da na masu tsada. P&O sun yarda da jins mai duhu a daren yau da kullum, amma daren adon da suke kira Black Tie ba wasa. Cunard kuwa, masu jirgin Queen Mary 2 da ke ƙetare teku tsakanin Southampton da New York cikin dare bakwai, su adon ma yana cikin abin da suke sayarwa. Kamfani ne da ya fara aiki tun 1840, kuma da yawa daga fasinjojinsa don wannan tsohuwar al'adar suka biya kuɗinsu. A daren adonsu da suke kira Gala, dokar ba ta tsaya a ɗakin abinci ba, ta haɗa da yawancin zaurukan jirgin. Wanda bai yi ado ba an ware masa wurare kaɗan, kamar ɗakin ɗiba da kai na Kings Court da wurin shaye-shaye na Golden Lion, kuma a can ne jins marar yaga yake da wurin zama. Viking su kuma ba su da daren ado ko ɗaya, wanda hakan ke ruɗar mutane su ɗauka komai ya halatta, alhali bayan ƙarfe shida sun hana jins a ɗakunan abincinsu sai a World Café kaɗai, wato ɗakinsu na ɗiba da kai. Rashin daren kwat ba ya nufin an yarda da jins. Ka riƙe wannan.

Waɗannan dokoki suna sauyawa, kuma a 'yan shekarun nan sassauci suke ta yi. Don haka kafin ka ɗaure akwati ka buɗe shafin kamfanin ka karanta abin da ke rubuce yanzu, kar ka tsaya a kan abin da dillalin tikiti ya faɗa da baki. In kun shiga jirgi kuma, kowace yamma akan ajiye takardar shirye-shiryen gobe a ɗakinku, ko a sa ta a manhajar waya. A samanta ake rubuta suturar daren. Royal Caribbean suna kiran tasu Cruise Compass.

To, wane irin jins? Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don kalmar ɗaya ce amma wandunan ba ɗaya ba. Ka ɗauki baƙi ko shuɗi mai duhu sosai, launi ɗaya daga sama har ƙasa, ba mai farin goge a cinya da gwiwa ba. Babu huji, babu faci, babu manyan aljihuna a gefe, babu rubutu ko ado a baya. Ƙafarsa miƙaƙƙiya, tsawonsa ya sauka daidai kan takalmi; in yana jan ƙasa ka kai wa tela ya rage kafin tafiya, kar ka naɗe shi. Ka sa bel na fata, ka cusa riga mai kwala da dogon hannu, ka sa takalmin fata sau-ciki. A hasken ɗakin abinci, wanda dama ba mai ƙarfi ba ne, baƙin jins da aka haɗa haka da wuya a bambanta shi da wandon yadi. Wando ɗaya ɗin nan in ka sa shi da tishat da kambas, shi ne za a tsayar a ƙofa. Mai tsaron ƙofar shigar gaba ɗaya yake kallo. Kwat marar nauyi a sama tana ƙara gyara shigar, kuma za ta yi maka amfani, don sanyin na'ura a waɗannan ɗakuna yana da ƙarfi ko da jirgin yana yankin zafi.

In sabo za ka saya, kar ka sa shi a akwati ba ka wanke ba. Sabon jins mai duhu yana zuba kamar rawanin ɗan Kura: zai bar shuni a farar riga, a farin takalmi, har a kujera mai farin yadi. Ka juya cikinsa waje, ka wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi sau biyu, ka shanya a inuwa. Sannan ka gwada shi a zaune, ba a tsaye kaɗai ba. Abincin dare a babban ɗaki yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma wandon da ya kama ka daidai ranar farko ba lalle ya yi maka adalci ranar shida ba, ga abinci safe da rana da dare. Mai ɗan roba a saƙarsa ya fi.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Kai ba ka da matsalar daren ado irin ta Bature, don kana da kaftani. Ba sai ka sayi kwat da maɗaurin wuyan da ba za ka sake sawa ba. P&O sun rubuta ƙarara cewa kayan gargajiya na ado na ƙasar mutum sun wadatar a daren Black Tie, kuma a sauran jirage ma shadda mai kyau da aiki a wuya, an yi mata guga, ba abin da za a mayar a ƙofa ba ne. Ni kaftani da wando zan ba ka shawara, ba babbar riga ba. Tebura a matse suke, masu hidima suna wucewa da tire, hannun babbar riga kuma ba ya jituwa da kofuna da miya; ga cin wuri a akwati. In kana son ta don hoto, wannan daban, don daren ado ne masu hoto ke kafa kayansu a kowane lungu. Sai dai hotunan da tsada, kuma ba dole ba ne ka saya.

Maganar hula kuwa, dokar da ke hana hula a ɗakin abinci hana-sallah take nufi. Kube ko zanna-bukar da ta zo tare da kaftani ɓangaren shigar ce. Duk da haka, ranar farko da rana ka leƙa babban ɗakin ka ga shugaban masu hidima, wanda dama yakan zauna a lokacin don masu son sauya tebur, ka gaya masa irin kayan da za ka sa. Minti biyu ne, kuma ya raba ka da bayani a ƙofa gaban layin mutane. Takalmi ne abin da za ka kula da shi: mu mun saba haɗa kaftani da buɗaɗɗen takalmi, su kuma wasu ɗakunan rufaffe suke nema ga maza. Ka tafi da sau-ciki ɗaya baƙi, zai yi maka da kaftanin, ya yi da jins ɗin. Uwargida ba ta da damuwa ko kaɗan. Leshi ko atamfa mai kyau ko abaya mai ado duk sun wuce abin da ake nema, kuma babu mai magana a kan ɗankwali ko mayafi.

Ga lissafin kwana bakwai yadda nake gani: jins mai duhu ɗaya, wandon yadi ɗaya, riga mai kwala uku ko huɗu, kaftani biyu da hulunansu, kwat ɗaya in kana so. Kar ka ɗauki jins uku. Yana da nauyi, ga jirgin sama da zai kai ku tasha yawanci kilo 23 yake ba kowane akwati. Mafi nauyin ka sa shi a jikinka ranar tafiya. Kuma ka ware na dare daban da wanda za ka yi yawo da shi in an sauka a gari, don wanda ya sha zufa da ƙura da rana ba zai shiga ɗakin abinci da daddare ba, wanke shi a ɗaki kuma wahala ce. Banɗakin ƙarami ne, ba taga, igiyar shanyar da ke ciki ta ƙananan kaya ce, jins kuwa sai ya kwana biyu bai bushe ba.

Dutsen guga an hana shiga da shi saboda tsoron gobara. In na'urar bincike ta gan shi a akwati za a riƙe shi sai ranar sauka, akwatin ma ya makara. Jiragen Cunard da Princess suna da ɗakin wanki da guga na fasinja. Royal Caribbean ba su da shi, sai dai ka ba da a yi maka ka biya. Saboda haka shaddar a goge ta tun daga gida, a ninke ta da takarda a tsakani, a sa ta a saman kaya, kana shiga ɗaki ka rataye ta. In za ka ba da guga, ka bayar tun ranar farko, don ana gobe daren ado kowa ke kai nasa. Ka kuma ce guga kaɗai, kar su wanke. Injin wankinsu zai kashe mata ƙyalli.

In aka yi rashin sa'a ka zo da abin da bai dace ba, ba tara ba ce, ba kuma faɗa ba. Za a gaya maka a hankali ka je ka sauya, ko a nuna maka ɗakin ɗiba da kai, ko ka sa a kawo muku abinci ɗaki. Tsananin ma ya danganta da wanda ke ƙofa. Za ka ga wani ya wuce da abin da aka hana wani jiya. Kar ka ɗauki wannan hujja, don ba ka san ranar da za a tsaya a kan doka ba, kuma komawa ɗaki a jirgi mai hawa goma sha wani abu, lokacin da kowa ke jiran lif, zai iya cinye muku lokacin zamanku.

Dare biyu ne kusan ko'ina ake ɗaga ƙafa. Daren farko, saboda akwatuna kan kai yamma ko dare kafin su iso ƙofar ɗaki, don haka ka shiga jirgi da jins ɗin nan mai duhu a jikinka, riga mai kwala ɗaya a jakar hannu. Sai daren ƙarshe, da ake cewa a fito da akwatuna bakin ƙofa kafin a kwanta. A wannan daren ka tuna ka ware kayan da za ka sa da safe kafin ka rufe akwati, har da takalmi.

Ka aiko mini da sunan kamfanin da na jirgin da yawan kwanakin, in faɗa maka darare nawa ne na ado. Ka gaishe da uwargida da yara, da duk mutanen gida.

Wassalam,
Amininka