A Yi Wa Kanal Ɗin Ruwan Kadawa Rumfar Sola

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi wani tunani da ya hana ni sakat. Ni tela ne a Fagge, da kekuna huɗu da yara uku. A azumin da ya wuce, fetur ɗin janareta ya kusa cinye ribar ɗinkin Salla. Akwai daren da mai ya ƙare, na ƙarasa wuyan wata babbar riga yaro yana haska min da fitilar waya, hannunsa har rawa yake don gajiya.

Asalina mutumin Kura ne. Da na je gida bayan Salla, na tsaya a bakin babban kanal ɗin da ke kawo ruwan Tiga zuwa gonakin Kadawa. Azahar ce, rana na dukan ruwan nan ba ko inuwar kara. Na ce a raina, ga rana tana shan ruwan manoma a banza, mu kuma muna birni cikin duhu. Me zai hana a kafa ƙarafa a kan kanal ɗin, a jera farantan sola kamar rumfa?

Ba ni na fara wannan tunani ba. A jihar Gujarat ta Indiya an yi haka tun 2012, suka rufe kimanin mita 750 na wani kanal suka samu megawat 1. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a karɓi gonar kowa ba. Duk wanda ya san Kura da Garun Malam da Bunkure ya san a nan ko taƙi ɗaya ba a wasa da shi. Inuwar tana rage ruwan da rana ke ƙafarwa, tana hana gansakuka yaɗuwa. Farantin ma idan ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake, sanyin ruwan da ke ƙarƙashinsa kuwa yana taimaka masa. Ƙurar hunturu da ke rufe faranti, ga ruwan wanke ta a kusa.

Na san ƙarfe da tsada, ɓarayi ma ba barci suke ba. Dole kuma a bar wa masu yasar kanal hanya, da mata masu wanki da makiyaya masu shayar da shanu. Shi ya sa ban ce a rufe shi duka ba.

Sola ba baƙuwa ba ce a Kano. Jami'ar Bayero ta kafa tata a 2019, an buɗe mai megawat 10 a Challawa a 2023, kuma dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar tsara harkar wutarsu. Da dare kuma, da babu rana, ga ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Kura. A Bihar ta Indiya da irinsa ake fitar da gas ana tayar da janareta.

Roƙona ga gwamnatin jiha da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, a gwada kilomita ɗaya tak, a sa ɗaliban injiniya na Bayero su auna wutar da ruwan tsawon rani guda. Wutar farko a bai wa masu casar shinkafa na Kura. Idan ta yi, mu na Fagge za mu jira layinmu.

Naka,
Wani tela daga Fagge, Kano