Zanen yara a sansanin gudun hijira ba ɓata lokaci ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka daga Gadarif da ke gabashin ƙasar Sudan, inda nake jagorantar zane, tatsuniya da ginin yumɓu ga yaran da yaƙi ya koro. Tun da rikici ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar birnin Wad Madani a Disamban shekarar, makarantu da yawa suka koma matsugunai. Wasu iyaye kan ce min, "Baba, ana neman abinci kuna wasa?" Ina gane damuwarsu, yunwa ba ƙarya ba ce.

Amma akwai wani yaro da ya yi makonni ba ya magana, jiragen sama kawai yake zanawa da gawayi. Wata rana ya gina akuya da yumɓu, ya ce ta kakarsa ce, an baro ta a ɗaure. Ya yi kuka, daga nan bakinsa ya buɗe. 'Yan matan kuwa, gaɗa ce ta haɗa su da ƙawaye.

Ina roƙon masu tallafi su sanya takarda da fensir masu launi cikin kayan agaji. Kwalayen sabulu muke yankawa yanzu.

Naka,
Wani mai karatu, Gadarif