Tunatarwa kan jan lantarki wajen sauka daga mota

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da warhaka.

Yanzu da iska ta bushe, wasunmu na kukan ƙofar mota tana jan su idan sun sauka. Ba laifin batir ba ne, gogayyar tufafi da kujera ce ke tara lantarki a jiki, musamman kayan nailan ko ulu.

Don Allah daga yau kowa ya riƙe ƙarfen ƙofar tun yana zaune, kada ya saki sai ƙafarsa ta taka ƙasa. Wanda ya manta, ya fara taɓa ƙarfen da makulli.

Abin da ya fi damuna gidan mai ne. Ana cikin zuba mai kada a koma cikin mota, domin gogayya da kujera na iya sake tara lantarki a jiki, kuma ɗan tartsatsin da yake haifarwa na iya kunna tururin fetur. A sanar da iyali.

Allah ya tsare mu baki ɗaya.