Wasiƙa daga ɗakin gwaji

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Ka daɗe kana min ƙorafi cewa kullum amsata ɗaya ce, "ina wurin aiki", ban taɓa faɗa maka aikin ba. To, saurara.

Aikina a kan ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro yake, Plasmodium falciparum, mai kwantar da yaranmu da damina. Tana da kuromosom 14, wato ƙunshin DNA, rubutun gado da ke tsara halittarta. Tun 2002 aka karanta DNA ɗinta kaf, harufa kusan miliyan 23, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari A da T ne, biyu daga cikin haruffa huɗu na DNA, abin da ya daɗe yana wahalar da masu son gyara shi. A 2014 aka fara amfani da CRISPR-Cas9 a kanta, almakashin da kai ke nuna masa inda zai yanka. Sa'ar da muka yi ita ce, ba ta iya haɗa bakin yankan kai tsaye yadda ƙwayoyin jikinmu ke yi, sai ta sami abin kwafa. Mu kuwa sai mu miƙa mata namu, ta gyara kanta da shi. In ƙwayar gadon da za mu cire, wato yankin DNA mai ɗauke da umarni guda, tana cikin waɗanda ƙwayar cutar ba ta rayuwa sai da su, wata dabara mai suna DiCre muke sawa, ba za a cire ta ba sai mun zuba maganin rapamycin a daidai lokacin da muke so.

Ni dai hankalina yana kan ƙarshen kuromosom, don a nan wayon ƙwayar cutar yake. Da yawa daga cikin ƙwayoyin gado na var, masu tsara furotin (sinadarin ginin jiki) da take sawa a bayan ƙwayar jinin da ta shiga, su kusan 60, a can suke. Ɗaya kawai take kunnawa, sauran a kulle. Da garkuwar jiki ta gane wannan, sai ƙwayar cutar ta sauya wata. Shi ya sa yaro ke kamuwa damina bayan damina kafin jikinsa ya yi ƙarfi.

Ga wanda ya shafe ka kai tsaye. Ƙwayar gado ta hrp2, wadda yawancin gwajin gaggawa da kake yi a shago ke dogara da furotin ɗinta, tana kusa da ƙarshen kuromosom na 8. A Peru da Eritriya da Habasha an sami ƙwayoyin cutar da suka yar da wannan yanki ɗungurungum. Mutum na rawar ɗari, gwaji ya nuna babu komai. Don haka in alamu sun yi ƙarfi gwaji ya musa, don Allah ka tura shi a duba jininsa da madubin likita, kar ka sallame shi da farasitamol.

Ka gaida min Hajiya da kyau, ka ce mata ina nan tafe bayan babbar Sallah in Allah Ya yarda.

Naka amini.