Rahoton Sakatare Na Ƙarshen Shekara: Zaman Tarihin Mozayik, Bangon Makaranta Da Kuɗin Wata

Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Abin da ya fi sanyaya mana rai a bana shi ne zaman tarihin mozayik, wato adon bango ko daɓe da ake yi da jera gutsattsarin dutse, gilashi ko tayil, da muka yi bayan Babbar Salla. Kujerun da muka aro ba su isa ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi. Malamin da ya zo mana da hotuna ya faro daga Uruk a kudancin Iraƙi, inda sama da shekara 5,000 da suka wuce magina ke gasa yumɓu mai tsini kamar ƙusa, su rina kansa ja ko baƙi ko fari, su cusa a bangon laka tun yana ɗanye. Dattawan magina da ke wurin suka yi ta kaɗa kai, domin hannunsu ya san laka. Ya bi ta kan daɓen tsakuwar rafi na Pella a Girka, na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya gangaro kan Rumawa da suka koma yanka dutse mitsi-mitsi, irin wanda ke jibge a gidan tarihi na Bardo a Tunis.

Wurin ya yi tsit da aka iso Ƙubbar Sakhra ta Ƙudus, wadda Halifa Abdulmalik bn Marwan ya kammala wajen shekarar 692, da babban masallacin Dimashƙa da ɗansa Walid ya gina a farkon ƙarni na 8. Mozayik ɗinsu gilashi ne da aka danne fallen zinare a tsakiyarsa, ana ɗan karkata kowane gutsure domin ya kama haske. A bangon Dimashƙa ga itatuwa ga kogi ga gidaje, babu mutum babu dabba. Iyayen yaranmu masu koyon aiki, waɗanda ke yawan tambayata ko sana'ar nan baƙuwa ce ga Musulmi, sun gani da idonsu. Da aka nuna daɓen tsingaro na Ile-Ife kuwa, wata Hajiya daga baya ta ce haka kakarta ke yin daɓe da tsakuwa da ruwan makuba. Mun rufe da gwada zallij irin na Fas a Maroko: a sassaƙa tayil da hannu, a jera shi a kife, a zuba siminti ta baya. Da aka juyo faifan farko tauraron ya fito daidai, yaron da ya jera shi ya kasa cewa komai, sai shafa shi yake yi da tafin hannu.

Sai batun bangon makarantar firamare da muke yi wa mozayik. Na san ana ta magana. Mun gama ɓangaren ƙasa, muka tsaya, kuma ba sakaci ya tsayar da mu ba. Siminti ya tashi bayan an yi lissafi, damina ta riske mu, gam ɗin tayil da ma'aji ya saya da kuɗin aljihunsa ya ƙare, har yau ba a biya shi ba. Buhunan fasasshen tayil da aka ba mu kyauta suna zauren shugaba, an tace su launi-launi, kuɗin aiki kawai suke jira. Allunan tarihin da muka ce za mu buga su ma haka suka kwanta.

Kuɗin wata shi ne tushen duk wannan. Fiye da rabinmu ba su biya na bana ba, wasu tun na bara. Na kira, na tura saƙo a WhatsApp, na taka har shago, a ce mini a dawo gobe. Wallahi abin na ci mini rai, domin wasu da ba a ganinsu a taro su ne kan gaba wajen tambayar yaushe za a gama bango. 'Yan tsirarun nan da kuka sani su ne suka ɗauko kujeru, su ne suka share wuri.

Wanda abin ya yi wa nauyi ya samu ma'aji a keɓe, za a karɓa kaɗan-kaɗan. A taron wata mai zuwa za a karanta littafin kuɗi shafi-shafi, a kuma sa ranar komawa bango kafin ruwa ya sake sauka. Kowa ya zo da rasit ɗinsa.

Sakatare